Kwalba Uku Daga Burton

Ƙamshin ne ya fara tarbata tun ban gama sauka daga jirgin ƙasa ba. Ƙamshi mai ɗumi, kamar ana gasa burodi a bayan katanga, sai dai ya fi na burodi nauyi, kuma akwai ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarƙashinsa. Na tsaya a tasha ina ta waige-waige. Wata dattijuwa da muka zauna kujera ɗaya tun daga Birmingham ta gane abin da nake nema, ta ce, "Ɗana, tsiro ake dafawa. Mu 'yan gari hancinmu ya saba, sai mun yi tafiya mun dawo muke jinsa."

Aiki ne ya kai ni Ingila a watan Oktoba, kwas na mako biyu a kan ajiyar hatsi da sarrafa shi. Asabar ɗaya tak aka bar mana. Abokan tafiyata duk suka nufi Landan sayayya, ni kuwa na yanki tikitin Burton, wani gari a bakin kogin Trent a gundumar Staffordshire, tafiyar kamar rabin awa daga Birmingham. Ni mutumin hatsi ne. Na yi shekaru ina auna danshin ƙwaya, ina duba ƙwari a rumbu, ina karanta yadda sha'ir ke juyewa ya zama tsiro, amma ban taɓa tsayawa a inda ake yin abin da hannu ba. Kuma duk inda aka taɓo tarihin giyar nan da Turawan Ingila ke kira fel-el, wato giya mai hasken launi, sai an ambaci Burton.

Kana fita ƙofar tasha ka ɗaga kai, manyan tankunan ƙarfe ne a jere suna ƙyalli, a gindinsu kuma tsofaffin gine-ginen jan bulo masu ƙananan tagogi, waɗansu an mai da su gidajen zama, waɗansu a kulle. Sufaye ne suka fara dafa giya a nan, a gidan ibadarsu da aka kafa shekara dubu da 'yan kai da suka wuce. William Bass ya buɗe masana'antarsa a 1777, kuma jar alwatikar da ke jikin kwalabensa ita ce tambarin kasuwanci na farko da aka yi wa rajista a Birtaniya, ranar 1 ga Janairu 1876. A ƙarshen ƙarni na 19 gidajen dafa giya sun haura 30 a wannan ɗan gari. Abin da ya fi burge ni shi ne labarin tashar St Pancras ta Landan da aka buɗe a 1868: tazarar ginshiƙan da ke ƙarƙashinta an auna ta ne daidai da gangunan Burton, domin can ake jibge su in jirgi ya kawo. Wato ganga ce ta tsara wa magina yadda za su kafa ginshiƙi.

Na so in fara da gidan tarihin sana'ar, sai na tarar an rufe shi tun 2022. Wani mai shagon jarida ne ya kwatanta min wata ƙaramar masana'anta da ke buɗe wa baƙi ƙofa ranar Asabar, can bayan layin dogo, tsakanin garejin gyaran mota da wani sito. Ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, tukwanen ƙarfe uku, buhuna a jingine da bango, ƙasa a jiƙe. Mai wurin dattijo ne mai furfura, ya ce shekara 30 ya yi a ɗaya daga cikin manyan masana'antun garin, da ya ajiye aiki sai shi da 'yarsa suka kafa wannan. Irinsu sun yawaita a Birtaniya tun da aka sassauta wa ƙananan masu dafa giya haraji a 2002.

Na gaishe shi, na faɗa masa sana'ata. Bai kai ni wurin giya ba. Kofi ya ɗauko, ya taro ruwa, ya miƙo min.

"Fara da wannan, abokina."

Na kurɓa. Ruwa ne mai nauyi a baki, da ɗan zartsi, kuma bayan ka haɗiye sai ka ji harshenka ya bushe kamar ka lashi alli. Na ce, "Maigida, wannan ruwan ai da magana a cikinsa." Ya yi murmushi ya ce duk arzikin garin a nan yake. Ruwa ba ya tsami banza. Ruwan rijiyoyin Burton yana ratsa duwatsun jibsam ne kafin ya taru, sai ya ɗauko sinadarin kalsiyam da na salfet masu yawa. Kalsiyam yana taimaka wa giya ta kwanta ta yi garau, salfet kuma yana wasa ɗacinta, ya sa ya fito tsaf, ya yanke da wuri ba tare da ya yi naso a baki ba. Shi ya sa masu dafawa a Landan, da ruwansu ya fi dacewa da baƙar giya, suka daɗe suna kallon Burton tana cin kasuwar mai haske. Da masana suka gano sirrin a ƙarni na 19, sai kowa ya koyi zuba jibsam a ruwansa, har aka sa wa dabarar sunan garin. Daga nan Burton ta rasa abin da take da shi ita kaɗai. Ya ƙara da cewa giyar garin takan zo da ɗan warin farar wuta a saman kofi, 'yan gari suna sonsa, baƙo kuwa yakan yamutsa fuska da farko.

Sai ya ja ni wurin buhunan, kuma a nan ne na daɗe.

Ya zuba min ƙwayoyi kala uku a tafin hannu. Na farko ɗanyen sha'ir ne da yake ajiyewa don nuna wa baƙi. Na ciza, tauri kamar tsakuwa, babu ɗanɗanon komai sai ƙura. Na biyu tsiro ne mai haske, launinsa bai bambanta da na farkon sosai ba. Na sa a haƙori sai ya ruguje, ƙurus, cikinsa fari fat kamar gari. Ya ce in ci gaba da taunawa, kada in haɗiye. Can sai zaƙi ya fara tasowa a hankali daga bayan harshe, da gardi irin na biskit, da wani abu kamar gyaɗar da aka soya sama-sama. Na ukun ja ne mai duhu. Da na fasa shi cikinsa yana ƙyalli kamar gilashi, ɗanɗanonsa kuma na alewar ƙonannen sukari.

Abin da ke tsakanin ƙwayar farko da ta biyu yaudara ce ake yi wa iri. A jiƙa sha'ir kamar kwana biyu, ya ɗauka damina ta sauka, ya fara tsira. A baza shi kwana huɗu zuwa biyar ana juyawa don kada saiwoyinsa su sarƙe ko zafi ya taru a ciki. A wannan lokacin ƙwayar tana fitar da sinadaran da za su narkar da sitacinta ya zama sukari, abincin ɗan tsiron da take shirin fitarwa. Kafin ya cinye abincin sai a kwashe a kai ɗakin busarwa, a tsayar da shi da iska mai zafi. Duk launin giya da rabin ɗanɗanonta a wannan ɗakin ake yanke su. A da can da itace ko kara ake busarwa, tsiron ya fito da duhu da ƙauri. A ƙarni na 17 aka fara amfani da gawayin kwal wanda aka toye aka raba shi da hayaƙi, sai ga tsiro mai haske mai tsabtar ɗanɗano, kuma a farkon ƙarni na 18 sunan fel-el ya fara bayyana. Shi kuwa jan nan mai ƙyalli, tun yana jiƙe ake turara shi har sitacin ya zama sukari a cikin ɓawonsa, sannan a gasa, sukarin ya narke ya daskare.

Na duba rubutun buhun na biyu: Maris Otter. Wannan suna na san shi a takarda. Irin sha'ir ne da masana a Kambirij suka fitar a tsakiyar shekarun 1960. Sababbin iri sun fi shi yabanya nesa ba kusa ba, manyan masana'antu suka juya masa baya, har ya kusa ɓacewa. Ƙananan masu dafa giya ne suka riƙe shi, suna biyan kuɗi fiye da na sauran, saboda gardinsa kawai. A aikina kullum maganar ita ce buhu nawa eka ta bayar. Ban taɓa zama a taron da aka tambayi yadda ƙwaya take a baki ba. Ina ganin wannan rashi ne babba a sana'armu, kuma a wannan ɗakin mai rufin kwano na fara jin nauyinsa.

'Yarsa ta ɗaga murfin tukunyar farko, tururi ya turnuƙe mu, ƙamshin tashar jirgin nan ya dawo ninki goma. Niƙaƙƙen tsiro ne aka dama da ruwan zafi aka bar shi awa guda. Ta ɗebo min ruwan a ƙaramin kofi, mai kauri, mai zaƙi kamar an narka zuma a ruwan ɗumi, babu ɗigon barasa a ciki tukuna. Ta ce yawanci ana damawa a digiri 65 zuwa 66 na ma'aunin Salshiyas, amma babanta yana ɗagawa zuwa 67 ko 68. Digiri biyun nan su ne dabararsa. In zafin ya ɗan ƙaru, sukarin da ke fitowa yakan zama irin wanda yisti ba ya iya cinyewa duka, sai ya saura a cikin giyar ya ba ta jiki. Bayan haka a tace, a tafasa awa guda da furen hof, a huce, a zuba yisti, a bar shi kwanaki a wajen digiri 18 zuwa 20 yana aikinsa a saman tanki.

Furen hof ɗin ma na murza shi a tafin hannu, busasshen kore mai danƙo, irin Goldings daga gabashin Kent. Ƙamshinsa na ciyawa da ƙasa da ɗan yaji. Shi ke ba giya ɗaci, shi ke tsare ta daga lalacewa.

Daga ƙarshe ya ja min kofi guda daga ganga da famfon hannu, ma'aunin da suke kira faint, mililita 568. Launin jan ƙarfe, kumfa kaɗan, sanyi irin na ɗakin ƙasa, ba na firji ba. Na sha, na ji daɗinta, amma na gaya masa gaskiya: "Maigida, furen nake ji. Hatsin da ka ba ni na tauna ban same shi ba." Bai ji haushi ba. Ya ce, "Yarinya ce, kwananta goma sha biyu. Furen ne ke da baki yanzu. Ka ba ta lokaci." Ya ɗauko kwalba uku masu ruwan ƙasa, rabin lita kowace, ƙarfinta kashi 4.5 cikin ɗari, ya nuna min ɗan farin abin da ya kwanta a gindi. Yisti ne mai rai, in ji shi, shi ke ba ta kumfa a cikin kwalba, yana kuma cinye iskar oksijin da za ta tsufar da ita. Ya ja min kunne da abu uku: kada rana ta gan ta, domin haske yana juya ɗacin hof ya koma wari, kada in kwantar da ita, kada kuma in buɗe ta ranar da na isa.

A lokacin dokar jirgin sama ba ta barin ruwan da ya wuce mililita 100 a jakar hannu, don haka na sa kowace kwalba a safa, na naɗe da rigar sanyi, na ɗaure a leda, na cusa tsakiyar akwati. Ni na iso gida, akwatin bai iso ba. An bar shi a filin jirgin da muka yi canji, sai bayan kwana biyar aka kira ni. Tun kafin in zuge shi hancina ya gaya min. Ɗaya ta fashe daga wuya, rigar ta sha ta ƙoshi, ledar ce ta ceci sauran kayan. Biyun da suka tsira sun yi ɗumi, ruwansu ya gauraye ya yi duhu kamar na kogi bayan ruwan sama. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗauka duk sun tashi aiki. Na goge su, na tsayar da su a lungun kabad mai duhu, aiki ya ɗauke min hankali. Sai da aka yi mako bakwai, ran da yayana ya zo, sannan na tuna da su.

Na sa ɗaya a firji na ɗan lokaci kaɗan, na fito da ita ta huce, don dattijon ya ce wajen digiri 12 take so. Na ɗaga ta a fitila: ta washe tas, guggubin ya koma gindi ya kwanta. Na buɗe, ta yi 'yar ƙara a hankali, ba ta yi ambaliya ba. Na karkata kofi na zuba sannu a hankali ba tare da na tsaya ba, na raba mana biyu, na bar ɗan yatsa guda a gindin kwalba don kada yistin ya biyo. Kumfar ta fi ta ganga yawa, fara mai ɗan ruwan madara, ta tsaya ba ta faɗi ba. Launin kamar ya ɗan ƙara duhu.

Na kai hanci. Ciyawar nan da yajin nan sun ja baya, sai dai a nesa. Abin da ya taso shi ne ɓawon burodi, da biskit, da alewar ƙonannen sukari, da wani ɗan ƙamshin busasshen 'ya'yan itace da ban ji shi a Burton ba sam. Kurɓar farko ta shigo da taushi, ta cika baki, zaƙinta bai kai na lemon kwalba ba ko kusa, irin zaƙin nan ne na ƙwayar da aka daɗe ana taunawa. A tsakiya gardin ya buɗe. Sai da na haɗiye sannan ɗacin ya zo, a tsaye, ya share zaƙin ya bar harshe a bushe, daidai yadda kofin ruwan nan ya bar shi. Na ajiye kofin na yi shiru. Ga Maris Otter, ga jan tsiro, ga digiri biyun dattijo, ga rijiyar Burton, kowanne a inda yake.

"Yaya, me ka ji?"

Ya sake kurɓa, ya juya ta a baki. "Wannan ai kamar abinci ce. Ba a yi mata gaggawa." Bayan minti goma, da ta ƙara hucewa a kofi, ya ce yanzu kuma ta fi ɗazu zaƙi. Haka ne. Sanyi yana danne ƙamshi da zaƙi, shi ya sa giyar da ba ta da abin nunawa ake shanta da ƙanƙara.

Abin da ya faru a cikin kwalbar ba asiri ba ne. Man ƙamshin hof shi ne ya fi komai saurin gudu, zafi da girgiza kuma suna ƙara masa sauri. Tsiro ya fi shi haƙuri. Da an ƙara mata wata shida a zafi, da ta wuce wannan matakin ta koma ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali, domin iskar oksijin ba ta ƙyale giya. Ni na same ta a tsakani, lokacin da furen ya yi shiru hatsin bai gaji ba.

Na ba yayana labarin kakannin wannan giya, don su ma matafiya ne. George Hodgson na unguwar Bow a Landan ya daɗe yana sayar wa jiragen da ke zuwa Indiya giya mai haske mai yawan hof. A farkon shekarun 1820, bayan harajin Rasha ya toshe wa Burton kasuwarta ta can, Samuel Allsopp ya juya ya fara dafa irinta da ruwan garinsa, sauran suka biyo baya. Kafin a buɗe mashigin Suwez a 1869, ganga takan yi watanni a cikin jirgin ruwa, ta zagaya ƙarshen kudancin Afirka, ta ratsa tsakiyar duniya sau biyu, zafi ya dafa ta, sanyi ya kama ta, igiyar ruwa ta yi ta jijjiga ta. Mutumin da ya sha ta a Kalkata bai taɓa shan abin da ya bar bakin kogin Trent ba. Ya sha abin da hanya ta mayar da ita, kuma wannan ɗin ne ya yi suna.

A Birmingham na ɗanɗana ta zamani irin ta Amurka, zuriyar wadda kamfanin Sierra Nevada ya fara dafawa a Kalifoniya a 1980 da hof ɗin Cascade. Ƙamshinta na ɓawon lemo da itacen fir yana dukan hanci tun daga nesa, kuma na fahimci abin da ya sa matasa ke rububinta. Amma yawancin na yanzu an gina su ne a kan furen kaɗai, an mai da tsiron kamar farantin da aka ɗoro abinci a kai. Irin wannan in ta kwana biyar a zafin filin jirgi, ta ƙara mako bakwai a kabad, ba na jin za a tarar da wani abin kirki a ƙarƙashi. Ta dattijon an gina ta ne daga ƙasa, shi ya sa da aka yaye mata mayafi aka ga mutum. Ni dai ita na zaɓa.

Muna cikin hira na tuna da kwat ɗin da na sa ranar. Na tashi na laluba aljihunta, sai ga ƙwaya biyar ko shida na tsiron mai haske da suka maƙale a ɗinki, ragowar abin da aka zuba min a hannu. Na hure ƙurar, na miƙa wa yayana biyu.

"Tauna, Yaya, kada ka haɗiye. In zaƙin ya zo, sai ka kurɓa."

Ya tauna, ya jira, ya kurɓa. Ya dubi kofin, ya dubi ƙwayar da ta rage a tafinsa, sannan ya tambaye ni yaushe za mu buɗe ta biyun. Na ce sai ta ƙara wata guda, ina so in ji inda za ta kai.